Darasin Tangaɗi a Falon Alhaji Kadri

Alhaji Kadri ya tsani keken dogarawar da aka jingine masa a bayan ƙofa. Mutumin da ya shekara talatin yana kwasar fasinja da tasi a filin jirgin sama na JFK, a ce ranar Juma'a ya shiga masallaci yana tura ƙarfe mai ƙafa huɗu? Amma nas ta kafe: ba zai fita babu keken ba sai rahoton mai kula da shi ya nuna tafiyarsa lafiya lau take.

Mai kula da shi ɗin kuwa Sophea ce, 'yar Kambodiya, wadda Turancinta bai wuce cikin cokali ba. Abu biyu ta iya rubutawa, ya faɗi ko bai faɗi ba. Nas ta ce wannan bai isa ba.

Alhaji ya ce shi zai koya mata. A ransa kuwa so yake ta gane babu kalma ɗaya a ciki da ta shafe shi.

"Zauna, 'yata," ya ce da Turancinsa na tasi. Ya tsaya tsakiyar falo yana rangaji hagu da dama kamar wanda ya rasa kujera a jirgin ƙasa. "Wannan shi ne sway." Ya yi tuntuɓen ƙarya da bakin kafet, ya ce stumble. Ya girgiza teburin shayi mai gajeriyar ƙafa, ya ce wobble. Sophea tana ta rubuta ma'anar da baƙaƙen yarensu masu lanƙwasa kamar taliya. Da aka zo stagger sai Alhaji ya zage, ya kwaikwayi wani bugaggen fasinja da ya taɓa ɗauka a unguwar Jamaica, har sai da ta yi dariya da hawaye.

"Baba, kai kuma wanne ne naka?" ta tambaya.

"Steady. Daram nake. Shi za ki rubuta."

Ya juya zai ɗauko hularsa, jiri ya ɗebe shi. Ya yi taga-taga, taku uku a karkace, Sophea ta tare shi kafin ya kai bango. Ya ce bitar darasi yake yi mata. Ba ta yi dariya ba.

Ta zaunar da shi, ta buɗe littafinta tana bin layi da yatsa. "Baba, wannan na yanzu wobble ne ko stagger?"

Tsakaninta da Allah take tambayar malaminta, duk abin da ya faɗa shi za ta rubuta. Ya dubi keken a bayan ƙofa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Stagger ne," ya ce a hankali. "Rubuta daidai, kada a ce ban iya koyarwa ba."

Ranar Juma'a ita ta rataya masa dardumarsa a jikin keken, ya tura abinsa ya tafi masallaci.