Ƙugun Inna Talatu

Bayan faɗuwar da Inna Talatu ta yi a bakin rijiya a Zermu, 'yarta Zara ta kai ta likita a Damagaram. Lokotoron da ya duba ta ya ce ƙasusuwanta sun yi rauni, ya rubuta mata bitamin D, ya ce ta riƙa shan hantsi. Zara ta sayi maganin a kasuwa wajen Isma'il, wani Bakano mai tebur.

Da kaka ta yi, sai ga Illa, yayan Zara, ya sake kawo Inna Talatu likita a bayan mota, ƙugu a karye. Ya ce santsi ne ya kwashe ta.

"Maganin jabu kika ɗura mata!" ya daka wa Zara tsawa. "Wa ya sayar miki?"

Tana faɗa masa ya fice, gora a hannu.

Isma'il na jera kwalaye lokacin da gorar ta sauka a kafaɗarsa. Teburin ya kife. Illa ya shaƙe shi, ya buga kansa da bango, ya kwashi ƙwayoyi yana cusa masa a baki.

"Haɗiye! Mu ga ko naka ƙashin zai tsira!"

Jini ya wanke wa Isma'il fuska. Ya ɗaga hannu zai kare kansa, Illa ya sake kai masa gora, hannun ya ce ƙas. Da ƙyar mahauta suka danne Illa har 'yan sanda suka iso.

Zara na gefen gadon uwarta labarin ya same ta. Tsohuwar ta juyo gare ta.

"Wannan bawan Allah ba shi da laifi," ta ce. "Ban zame ba. Illa ne ke jibgar matarsa da taɓarya, na shiga tsakani, ya hankaɗe ni kan turmi."

"Inna! Me ya hana ki faɗa?"

"Ni na haife shi, Zara."

Zara ta yafa mayafi, ta nufi komisariya wajen 'yan sanda. Ta maimaita maganar a gaban yayanta. Illa ya zabura zai mare ta, ankwa ta tsayar da shi.

An ɗaure shi a gidan kaso. Hannun Isma'il ya warke a karkace. Inna Talatu kuwa ba ta sake takawa ba, kuma har ta rasu ba ta daina cewa a kai wa Illa fura ba.