Wayar Lasifikar Hagu

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a shagon sayar da lasifika, irin manyan nan da ake kafawa a falo, kowace ta kai ƙirjin mutum tsayi. Aikina ɗauka da ajiyewa. Ni ke fito da su daga kwali, in goge, in tura su inda aka nuna. Kowa Kawu yake ce mini, har Manaja.

A bayan shagon akwai ɗakin sauraro: kafet mai kauri, labule har ƙasa, allon fim a bango, da kujera ɗaya tak a tsakiya don mai saye. In an shigo da baƙo, wurina bakin ƙofa ne, bakina a rufe. Manaja ya gaya mini ƙarara tun farko cewa ranar da na sa baki a gaban mai saye, ranar zan ajiye makullin shago. Ban taɓa sawa ba. Amma duk faifan da ake gwaji da shi a ɗakin nan na ji shi ya fi sau ɗari, na san inda kowane kiɗa yake zama.

Wata Talata da hantsi wata likita ta zo, dattijuwa mai tabarau, tana son ta ji sababbin lasifika biyu da suka iso. Injiniya ne ya haɗa su da safe. Ƙanin matar Manaja ne, bai daɗe da gama kwas ba, takardar shaidarsa na rataye a bayan kanta. Ya yi haɗin, wayar salularsa na maƙale a kunne yana hira, da na matso in riƙe masa fitila sai ya kore ni da hannu.

"Kawu, kai dai turo kaya. Nan ba wurin ƙarfi ba ne."

Likita ta zauna, aka sa waƙar da muke fara gwaji da ita, mace ɗaya da jita da ganga. In haɗi ya yi daidai, muryar matar nan tsakiya take tsayawa cak, kamar ka miƙa hannu ka taɓa ta, gangar kuma har ƙirji take dukan mutum. Ran nan muryar ta watse, ba ta nan ba ta can, gangar kuma kamar ana buga kwali.

Likita ta karkata kai dama, ta karkata hagu.

"Sababbi ne, ranki ya daɗe," in ji Injiniya. "Sai sun yi kwana biyu suna aiki kafin su saki jiki."

"Sa mata fim," in ji Manaja.

Aka sa wurin da jirgin ƙasa ke ratsa gada ana tsawa. Injiniya ya ƙara murya, ya sake ƙarawa, har gilashin ƙofa yana rawa a bayana. Ƙara dai ta cika ɗaki, amma jirgin ba shi da nauyi.

Likita ta ɗaga hannu aka tsayar. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Ni dai kaina ke juyawa. Ko kunnena ne? Shekaru sun fara ja."

Manaja ya yi 'yar dariya. "Sai kunne ya saba, ranki ya daɗe. Ba kowane kunne ke kama irin wannan sauti da farko ba."

Ta gyaɗa kai, na ga ta yarda. Za ta fita ɗakin nan tana zargin kunnenta, alhali kunnenta ne kaɗai ya faɗi gaskiya.

"Kunnenki lafiya lau, ranki ya daɗe," na ce. "Wayar lasifika ɗaya ce aka haɗa a juye."

Duk suka waiwayo. Manaja ya zuba mini ido.

"Ikon Allah!" in ji Injiniya. "Kawu, ajin yamman da kake zuwa har an kai ku nan? Ni na ɗauka kuna kan haɗa baƙi."

"Ba mu kai ba tukuna. Amma ja da baƙi na san su tun kafin a haife ka."

"Kawu, jeka waje," in ji Manaja.

"Bar shi," in ji Likita. "Me kake nufi da a juye?"

Na ce mata kowace lasifika waya biyu ke shigarta, ja da baƙa, kowace da raminta. In aka musanya su a lasifika ɗaya, to lokacin da wannan ke tura iska, waccan ja take yi, sai su cinye wa juna ƙarfi.

"A duba mana," ta ce.

Na durƙusa bayan ta dama. Ja a ja, baƙa a baƙa. Injiniya ya tafa hannu.

"To, malamin kunne, sai me?"

Na rarrafa zuwa ta hagu, na haska fitila. Jar waya na zaune a ramin baƙa. Ban taɓa ba. Na matsa gefe, na riƙe fitilar a kanta har Likita ta taso ta leƙa da idonta, Manaja ma ya leƙa. Sannan na kashe amfilifaya, na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, na musanya wayoyin, na kunna.

Aka mayar da waƙar. Matar ta dawo tsakiyar ɗaki, gangar ta sauka a ƙirji. Likita ta lumshe ido, ba ta motsa ba har waƙar ta ƙare. Ta ce a kai mata su gida ranar Alhamis. Da za ta fita ta tsaya a gabana ta ce, "Sannu, Kawu."

Motarta na barin ƙofar shago Manaja ya kira ni ofis. Injiniya na tsaye jikin taga, ya harɗe hannu.

"Ka san doka."

"Na sani, yallaɓai."

"Da ka ja ni gefe."

"Ka ce mata kunnenta ne. A gabana ka faɗa."

Ya juya biro a hannunsa. "Saboda girmanka, zan bar maganar. Ka ba Injiniya haƙuri, ka ce ka yi kuskure, shi ke nan."

"Wane kuskuren?"

"Kawu, kar ka ja da nisa."

"In ce na yi magana a inda aka hana ni, wannan zan faɗa, don na yi. In ce na yi kuskure, ba zan faɗa ba."

"To, makulli."

Na ciro shi daga aljihu na ɗora a kan tebur. Kafin in tafi na koma ɗakin sauraro na mayar da lasifikar biyu cikin kwalinsu, na cusa soso a kowace kusurwa, don na san yadda direbanmu yake faɗawa rami. Ba wanda ya hana ni.

Matata na shanya a tsakar gida na shigo, rana ko karkatawa ba ta yi ba.

"Malam, lafiya da wuri haka?"

Na gaya mata duka. Ta saurara, rigar da take matsewa na ɗiga a ƙafarta.

"Yanzu haƙurin ne ya gagare ka? Kalma ɗaya?"

"Ba ni na juya wayar ba."

Ta dube ni. Sannan ta yarfe rigar ta rataya a igiya.

"To, kama mini bakin zanen gadon nan mu matse, tunda yau kana gida."