Lafiya Lau a Gaban Suruki

Wata uku kacal aikin tiyata ya yi wa Lawali rana. Likitan da ke zuwa daga Yamai sau biyu a shekara ya ce jijiyoyin gabansa ne ba sa riƙe jini, da ya shiga sai ya zurare, shi ya sa mazakutarsa ke kwantawa. Aka ɗaure su. Lawali baduku ne a Birni, ya san ɗinki, ya kuma yarda da shi. Wata na huɗu abu ya koma gidan jiya.

Ramlatu, matarsa, ba ta yi masa gori ba. Shekara shida ba haihuwa, ta ce abu ɗaya take roƙo: in likita ya dawo, ya faɗa masa gaskiya.

Ranar randebu, wato ranar komawa ganin likita, Lawali ya taho yana bitar maganarsa a hanya kamar mai hadda. Aka shafa masa mai, aka ɗora na'ura. Likita ya dubi allo ya yi murmushi, ya zuba Faransanci. Mai fassarar da aka saba ba ya nan, sai aka kira majo, babban ma'aikacin jinya. Wa zai shigo? Mahamud, kawun Ramlatu, wanda ya ba da aurenta da bakinsa. Duk ma'aikatan Damagaram a rasa wanda za a kira sai shi!

"Ya ce ɗaurin na nan daram," in ji Mahamud, idonsa a bango. "Amma wani lokaci jini kan sami wata hanyar. Yana tambaya, a gida fa?"

Lawali ya ja riga ya rufe gwiwa. Mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗa, shi zai gaya wa abin da ke tsakaninsa da 'yarsa?

"Lafiya lau, Baba."

"Ya ce in da matsala akwai sauran gwaji, da wani maganin."

"Babu komai, Baba. Mun gode Allah."

Likita ya yi rubutu, ya rufe dosiye, ya miƙa masa hannu. Lawali ya fito yana jin kamar ya mari kansa. Takaici ya hana shi hawa kabu-kabu, da ƙafa ya taka har gida. Ya ce wa Ramlatu sai an ƙara dubawa.

Ran Juma'a ta je gaishe da iyayenta, ta dawo kafin la'asar, ta tsaya a bakin rumfarsa ko mayafi ba ta cire ba.

"Malam, Kawu ya shaida wa Inna ka warke, da kunnensa ya ji. Sun ce tunda haka ne, ni za a kai a duba." Ta dube shi. "Gobe za a kai ni wurin mai magani a Zermu. In faɗa masu, ko za ka faɗa?"

Lawali ya buɗe baki. Ya sunkuyar da kai kan fatar da ke cinyarsa, ya ce, "Ki je ɗin, ba a sani ba."