Kyamarar da Ta Zuƙo Inna

Duk matar da ta yi biki a Gummi a shekarun nan ta san Rashida mai hoto. Ita ke shiga inda maza ba sa shiga, ɗakin amarya da tsakar gidan suna, wuraren da mata ke ajiye mayafi su yi rawa son ransu. Abin da ke ci mata rai shi ne kyamarar da take aiki da ita, wata tsohuwa ta aro daga wurin ƙanen mijinta, wadda sai an ɗaure murfin batirinta da roba kafin ta yarda ta kunnu. Ga kuma Manu, mai hoton maza, yana yawo da ƙatuwar baƙar kyamara a wuya. Ko bai ɗauki kowa ba, da ya doso taro za ka ga ana matsa masa hanya. Rashida ta daɗe tana hango kanta da irin wannan, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Da kakar shekarar dubu biyu da goma sha uku ta shigo, sai ta sayar da tumakinta, ta haɗa da ɗan abin da ta tara, ta nufi shagon Tanko a bakin kasuwa. Tanko waya da caja yake sayarwa, amma idan ya je Sakkwato yakan taho da kyamarori na hannu. Guda biyu ya jera mata a kan tebur, babba da ƙarama, ya ce ta zaɓa, don abin da ke hannunta ɗaya zai iya saya.

"Wagga ta masu sana'a ta," in ji shi, yana shafa babbar. "Di-es-el-ar sunanta. Ko ɗakin amarya ya yi duhu awa rijiya, hoto na hita tas. Bakin ga nata kuma ana cire shi a sa wani."

Rashida ta rataya igiyar babbar a wuya. Nauyin ya zauna mata a ƙirji, ta ji har tsayuwarta ta canza. Ta kai ido, ta saita fuskar Tanko, ta danna. Kyamarar ta yi ƙaras, irin ƙarar nan da ke sa mutane gyara hula. Hoton ya fito har da zanen gobirancin da ke kumatunsa ana iya ƙirgawa. Wallahi ranta ya biya.

"Ƙaramar fa?" ta tambaya, don dai kada a ce ba ta duba ba.

"Wagga 'yar aljihu ta. Gaskiya ba ta son duhu, hoto sai shi yi tsaki-tsaki. Amma zuƙowa gare ta. Kina nan tsaye ki ɗauko mutum can bakin tasha."

"Babbar ba ta zuƙowa haka?"

"Sai kin sayi dogon baki daban. Shi kuwa kuɗinai ya kusa kai na kyamarar."

Ta ɗauki ƙaramar da yatsu biyu, kamar wadda aka miƙa wa sabulun wanka. Ta fita ƙofar shago, ta murza 'yar ƙusar da Tanko ya nuna mata. Bakin kyamarar ya miƙe a hankali, kasuwa ta taho gare ta a cikin ɗan allon. Can nesa ta hango wani mai kifi yana kora ƙuda, a bayansa kuma wata motar shinkafa, har ka ce jingine yake da ita. Ta sauke kyamarar ta duba da idonta. Tsakanin mai kifin da motar akwai fili da za a iya kafa rumfuna a jere. Ta sake ɗagawa, sai ga su sun sake mannewa.

Nan ta tsaya, don ta tuna alkawarin da ta ɗauka.

Rashida 'yar ruga ce, daga wata rugar Fulani da ke kusa da Bukkuyum, aure ya kawo ta Gummi. Yayanta Sa'idu shi ne ɗan farin mahaifiyarsu, Inna Dija. A gidansu kuwa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "Hammanku", wato yayanku. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta kallonsa a gaban mutane. Kakarsu ce ta goya shi. Idan ya yi abin kirki aka zo ana yaba shi, Inna sai ta tuna tana da madara a kan wuta. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, shi ma Sa'idu ya sani, amma sanin bai hana shi jin abin a ransa ba.

Yanzu ga shi ya gama karatun likitan dabbobi, shi ne na farko a duk danginsu da ya taka jami'a, an tura shi bautar ƙasa can jihar Kuros Riba. Daga sansanin horo ya kira Rashida a waya, ya ce zai biyo gida ya yi sallama kafin ya koma Kudu.

"Abu guda nike so, Rashida," ya ce. "Abokaina nan kowa na nuna hotonai da uwatai. Ni ko ba ni da ko guda. Ke mai hoto ta. Ki samo min hoto, ni da Inna."

"Ka bar min wannan, Hamma," ta ce masa da ƙarfin gwiwa, alhali ta san ko waya aka ɗaga wa Inna sai ta ja gefen zane ta rufe fuska. Ballantana a ce ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan fari.

Ta koma cikin shagon. Babbar kyamara na nan a kan tebur tana ƙyalli. Da ita za ta shiga ɗakunan amare ta fito da hotunan da ba a taɓa gani a Gummi ba, da ita mata za su daina tambayarta ko Manu ba shi da lokaci ne. Amma da ita sai ta matsa kusa da Inna, kuma ƙarar nan tata ko kurma ya ji. Rashida ta daɗe tana kallonta. Ta cire hannunta daga kan igiyar, ranta na suya, ta tura wa Tanko ƙaramar ta ce ya sa mata a leda.

"Ke da kika zo sayen bijimi, ki koma da ɗan akuya?" in ji Tanko.

"Ɗan akuyan nika so."

Mijinta Bello da ya ga abin da ta sayo, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ashe tumaki sun tafi a banza. A bikin farko da ta je da ita, uwar amarya ta dube ta sama da ƙasa ta ce ko ta manta kyamarar a gida ne. Hotunan cikin ɗaki kuwa suka fito da tsaki-tsaki kamar yadda Tanko ya faɗa, sai da ta riƙa jan amare zuwa bakin ƙofa inda haske yake. Ta haɗiye duk wannan. Da yamma takan hau kan soro ta yi ta koyon zuƙo tsuntsaye da masu wucewa, har ta gane cewa in aka zuƙo da nisa, ko numfashi mai ƙarfi ka yi hoto ya lalace.

Ranar da Sa'idu ya zo, ruga ta cika tun da hantsi. Mahaifinsu, Modibbo, ya sa an yanka rago, kuma don ya nuna wa duniya ɗansa ya zama wani abu, har Manu ya aika aka ɗauko daga Gummi a kan babur. Sa'idu ya fito cikin kakin bautar ƙasa, da hula da manyan takalma, tsofaffi na shafa masa kai, samari na taɓa rigar. Manu ya jera maza a gaban garke, yana daka tsawa a matso a matso, kyamararsa na ta ƙaras-ƙaras. Rashida ta leƙa allonsa, kuma gaskiya hotunan sun yi kyau.

"A kira Inna mana," in ji Manu, wanda bai san gidan ba. "Uwar gayya ta zo ta tsaya kusa da ɗanta."

Wata gwaggo ta kama baki. Kafin a juya, Inna Dija ta shige bukka ta saki asabari. Sa'idu ya yi murmushi kamar ba komai, amma ya dubi ƙanwarsa, ita kuma ta kau da kai.

Sai da Manu ya ci nama ya hau babur ya tafi, sannan ruga ta koma daidai. Rashida ta ja Sa'idu gefe ta ce ya je ya tsaya wurin shanu ya duba su kamar yadda ya saba, ya ba bukkar Inna baya, kuma ko me ya ji kada ya waiga. Ita kuwa ta ɗauki buta kamar mai zagayawa, ta bi ta bayan karan dawa, ta yi nisa har sai da muryoyin mutane suka dushe. Ta sami wata tsamiya mai reshe ƙasa-ƙasa, ta ɗora kyamarar a kai, ta kashe mata sauti, ta murza ƙusar har ƙarshe.

Sa'idu ya cika allon. Yana riƙe da kunnen wata saniya yana duba idonta, hula ta ɗan karkace. A bayansa babu kowa sai bukka da ƙoran Inna da ke kife a rana.

Ta jira. Tururuwa suka hau mata ƙafa, ta ƙi motsi. Hannunta ya fara sagewa, zufa na shiga mata ido, ta fara tunanin ko Bello ne ke da gaskiya. Can sai asabari ya motsa. Inna ta fito, ta duba dama da hagu, ta ga mata sun taru wurin tukunya, maza sun koma inuwa. Ta durƙusa wurin ƙoranta ta ɗauki ɗaya tana gogewa, ƙwaryar da tun safe aka wanke ta. Ta goge, ta goge. Sannan ta miƙe tsaye, ƙwarya a ƙirji, ta ɗaga kai ta dubi ɗanta.

Rashida ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba, ita da ta girma a gabanta. Inna ta bi shi da ido daga hula har takalmi, haɓarta a ɗage, bakinta na son yin murmushi tana danne shi. Rashida ta riƙe numfashi ta danna, ta sake dannawa. Kyamarar ba ta ce uffan ba. Wata yarinya ta kira Inna daga wurin tukunya, nan take ta sunkuyar da kai ta koma uwar da kowa ya sani.

A Gummi Sa'idu ya kwana, don daga can zai hau mota. Rashida ta kai katin kyamarar aka wanko mata hoton guda biyu, ta same shi a tasha da safe ta miƙa masa ɗaya. Ga shi nan cikin kaki, ga Inna dab da kafaɗarsa, kamar in ta miƙa hannu za ta gyara masa hula.

"Yaushe taz zo kusa da ni haka?" ya tambaya.

"Ba ta zo ba, Hamma. Tana can wurin ƙoranta."

Ya daɗe yana kallon hoton. Yaron mota na ta kiran fasinja, shi bai ji ba. Ya goge ido da bayan hannu, ƙato da shi cikin kaki, bai ma damu da masu kallo ba.

"Ashe haka taka dubana," ya ce.

Rashida ta ji kanta ya yi girma. Da Manu zai wuce a lokacin da ƙatuwar kyamararsa, ko kallo ba za ta bi shi da shi ba.

Ɗaya hoton kuwa, da ta je ruga ranar kasuwar Bukkuyum, ba ta nuna wa kowa ba. Ta faki ido ta saka shi cikin ƙwaryar da ke can ƙasan jerin Inna, wadda ba mai taɓawa sai ita. Ta koma Gummi tana fargaba, don in Inna ta ɗauki abin a matsayin tozarci, to ta jawo wa kanta fushin da ba a saurin hucewa.

Da ta sake zuwa, Inna ta tarbe ta kamar kullum, ta dama mata fura, ta tambayi Bello da yara. Ba ta ce komai game da hoto ba. Rashida ta saci kallon jerin ƙorai, ta ga ta ƙasan an rufe ta da sabon faifai. Har ta yi sallama ta ɗauki jakarta, Inna ta rako ta zuwa bakin hanya. Sai da suka hango mai babur Inna ta tsaya, tana kallon wani wuri daban.

"Ɗan abin ga naki, yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"To. Ran da wancan zai dawo, ki taho da shi." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Kuma ki hwaɗa min tun da wuri, in ɗaura zanen kirki."