Muƙamuƙin Saja Haggai

"Ajiye kwanon nan, Kefas."

Ina shanya wanki a katangar da ta raba gidanmu da nasu na ji muryar. Saja Haggai ne tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya gitta sanda, haɓarsa naɗe da bandeji. Ƙanensa Kefas na riƙe da kwanon silba, yana neman hanyar kai shi kwata.

"Yaya, abin nan ke ƙara maka ciwo. Duk unguwa maganar ake yi. Ba ka jin tsaminsa?"

"A Laberiya aka fasa mini baki, ba a cikin kwano ba. Mayar da shi inda ka ɗauko."

Kefas ya mayar, ya hau babur ɗinsa ya koma gidansa a Manga ko sallama bai yi ba.

Saja maƙwabcinmu ne tun da ya bar soja. Gutsuren ƙarfe ya cinye masa rabin muƙamuƙi a wajen yaƙi, aka ɗaure sauran da waya. Shekaru yana fama, har ƙashin ya fara ruɓewa yana fitar da mugunya. Matarsa ta rasu tuntuni. 'Yarsa ɗaya ce, Leah, tana karatun ƙananan halittu a jami'a. A shekarar 2003 malamai suka shiga dogon yajin aiki, aka rufe ɗakin gwaji, sai ta kwaso kayan aikinta cikin kwalabe ta dawo Zuru da su.

Ni abarba nake sayarwa a kasuwa, shi ya sa kullum take zuwa karɓar ɓawo. Ta dafa shi da sukari, ta tace, ta zuba a kwanuka ta rufe da farin ƙyalle. Bayan kwanaki wani farin tantani mai kauri yake tasowa a saman ruwan. Ranar da ta ba ni na taɓa, na ji shi da santsi kamar ganda da aka jiƙa. Na ja da ƙarfi, ya ƙi yagewa.

"Bakteriya ne ke saƙa shi, Maman Yazid," in ji ta. "Selulos ake ce masa. Masu bincike na ganin za a iya shimfiɗa shi inda ƙashi ko dasashi ya lalace, sabon ƙashi ya bi ta cikinsa ya tsiro."

Saja na kan benci yana jinmu. Ya kwance bandejin, ya juyo mata da gefen da ya lotsa.

"To ga wuri. Sa mini."

"Baba, ko a jikin ɓera ban gwada ba."

"Ɓera ya ce miki yana so? Ni na ce ina so."

"Zai iya kashe ka."

"Wannan da ke ciki fa, rawa yake koya mini?"

Ta ce ba za ta sa ba. Ya buga sanda a ƙasa, ya ce tsoro ne ya yi mata yawa, a banza ta yi karatu. Ta tsaya a gabansa, idanunta sun kaɗa, ta ce ya kira ta duk abin da ya ga dama, ita ba za ta yi wa ubanta abin da ba ta da tabbas a kansa ba. Kwana biyu ba sa magana. A na uku na leƙa na same shi yana tafasa kwalabe a murhu, tana tsaye a kansa tana cewa ya wanke hannu tukuna.

Ba ta sa masa ba, amma daga nan aikin kula da kwanukan ya zama nasa. Dattawan coci suka zo gaishe shi, ɗayansu ya yi ta kewaye-kewaye a kan abubuwan da bai kamata a ajiye a gidan mai bi ba. Saja ya bar shi ya gama.

"Philip, kai ke sa yisti a burodi, ba ka taɓa tambayarsa addininsa ba. Ku yi mini addu'a in ita ta kawo ku."

Suka yi addu'a suka tafi.

Da aka janye yajin aiki, Saja ya riga ya rame, kunu kawai ke wucewa, shi ma da ƙaramin cokali. Leah ta ce za ta ajiye karatun bana ta yi jinyarsa.

"Ki zauna ki kalle ni ina mutuwa, sai me?" in ji shi. "Na san yara a bariki da bakinsu ya fi nawa lalacewa. Ni na makara. Su ba su makara ba. Ɗauki kayanki."

"In na tafi wa zai wanke maka ciwon?"

"Ni," na ce daga kan katanga. Ban san sanda maganar ta fito ba.

Shi ya raka ta tasha, yana tafe yana hutawa, ya ƙi a ɗauke shi a babur.

Na yi ta wanke ciwon da ruwan gishiri safe da yamma har masara ta nuna. Wata Asabar da hantsi ina gasa sabuwa a ƙofar gida, ya aiko da murya.

"Maman Yazid, kawo mini guda."

"Baba Saja, likita ya ce ban da tauna."

"Likitan yana nan? Zaɓo mini mai taushi."

Na kai masa. Turamen haƙori biyu suka rage masa a gefen dama. Ya riƙa ɓanɓaro ƙwaya da babban yatsa, ya tura ta can ciki, ya tauna a hankali, gumi na tsattsafo masa a goshi, hawaye na zuba don zafi. Na ce ya bari haka. Ya ɗaga mini hannu.

"Ta yi zaƙi bana," ya ce. "Je ki, taki za ta ƙone."

Na koma wajen gashi. Da na dawo bayan azahar da ruwan gishirin, yana zaune yadda na bar shi, ya jingina da bango, kansa ya ɗan karkata. Na kira shi, na sake kira. Sai na ajiye kofin, na rufe masa ido, na aika a kira Kefas, a kuma nemi mai waya a sanar da Leah.

Kafin mutane su taru na zauna a ƙarshen bencin. Masarar ta gangaro ƙasa kusa da ƙafarsa, layi ɗaya ya cinye tas. Wata kaza ta matso tana tsattsagar sauran, ban kore ta ba.