Faifan Simintin Rabilu

Rabilu ɗan kokowa ne a Badaguishiri, kuma bana ya sa rai zai shiga cikin waɗanda za a zaɓa a Illéla su tafi gasar kokowa a Tahoua. Matsalarsa guda ce: in ya kama abokin karawa yana riƙe shi gam, amma cira shi sama ta gagara. Bala, tsohon sojan da ke horar da su, ya ce masa ya bar ɗaga ƙarfe barkatai har ya galabaita. Ya ce ya ƙara nauyi, ya rage yawan ɗagawa, ya riƙa hutawa sosai a tsakani.

To, ƙarfen da ke gidansu sanda ce guda, an kafe bakinta biyu cikin gwangwanayen fenti cike da siminti. Ba a ƙara mata, ba a rage mata. Kuma ba shi kaɗai ke taɓa ta ba. Ƙanensa Shafi'u, tela, shi ƙirji da damtse yake so su cika, kullum kukansa sandar ta yi masa nauyi.

Rabilu ya fara rataya mata jarkokin ruwa. Yana tsugunawa ya miƙe, ruwan ya yi gefe guda, sandar ta karkace, jarka ɗaya ta zame ta fashe kan albasar da mahaifiyarsu Shatu ta shanya.

"Kai wanga yaro, mi albasata ta yi maka?" in ji ta.

Ya kwashe albasar yana huci.

Shafi'u ne ya kawo shawarar su zuba faya-fayai na siminti, manya da ƙanana, da rami a tsakiya, kowa ya zura abin da ya dace da shi. Suka samo siminti, suka kwaɓa cikin tsofaffin kwanoni. Bala ya zo ya duba, ya ce a riƙa yayyafa musu ruwa, kada wanda ya taɓa sai sun yi tauri har ciki.

Kullum da safe Rabilu sai ya tsuguna ya danna faifan da farce. Ranar zaɓe tana matsowa, shi kuwa yana zaune yana ba siminti ruwa kamar mai lambu. Wata safiya ya ƙwanƙwasa babban faifan, ya ji ya yi ƙara.

"Yaya, bai yi ba tukuna," Shafi'u ya ce. "Ka ga cikin ramin da sauran duhu."

"Kai dai je ka ɗinkinka."

Ya zura manyan biyu a wata sabuwar sanda, ya cira. Tashin farko lafiya lau, har ya yi murmushi. A na biyu faifan dama ya rabe daga ramin, rabinsa ya sauka kan ƙafarsa.

Likita ya ce ƙashin ya tsage, babu maganar shiga fili bana. Ranar zaɓe Shafi'u ya goya shi a babur zuwa Illéla. Yana zaune a benci da ƙafa a naɗe, ya ga an zaɓi Mutari, wanda shi Rabilu ya sha kayarwa a gida. Tun ba a tashi ba ya ce a mayar da shi.

Da yamma Bala ya same shi a tsakar gida. Bai yi masa faɗa ba. Ya jawo kujera, ya zura wa sandar ƙananan faya-fayan nan, waɗanda zuwa yanzu sun bushe sarai.

"Daga zaune za ka yi. Kafaɗa da baya kawai, sannu sannu. In ƙafa ta warke mu koma ga nauyi."

"Baba Bala, wannan ai na Shafi'u ne."

"Shi za ka ɗaga."

Rabilu ya yi tsaki. Sannan ya gyara zama, ya miƙa hannu ya karɓa.