Daɓen Gidan Nelida

Duk unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a birnin Rosario, ba wanda ya taɓa shiga gidan Doña Nelida ya ɗaga ƙafa. Daga bakin ƙofa tsummokaran ulu ne a jere, biyu-biyu. Ka ɗora ƙafa ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan, sai ka ja jiki kana zamiya har inda za ka. Limamin coci ya yi zamiyar nan, mai gyaran famfo ya yi da jakar aikinsa a kafaɗa, ɗan sandan da ya zo binciken satar keke ma bai tsira ba. Daɓen katako ne, kuma tun satin bikinta take shafa masa kakin sheƙi mai santsi duk Asabar, tana gogewa har mutum ya leƙa ya ga cikin hancinsa.

Mijinta Don Evaristo ya fi kowa gwanancewa. Shekara arba'in da 'yan kai yana zamiya, har ta kai ko a titi ba ya ɗaga ƙafa, jan ta yake. Mai gyaran takalma ya daina yi masa magana don takaici.

To, ran wata Lahadi daɓen ya ci uwargijiyarsa. Ta fito daga kicin da kwano a hannu, tsumma ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma, ƙashin ƙugu ya karye. Da masu motar asibiti suka iso, tana kwance a ƙasa tana nishi, amma sai da ta sa su hawa tsumma kafin su ɗauke ta.

'Yarsu Graciela ta zo daga garin Kordoba, ta tare ubanta a barandar asibiti.

"Baba, ba gardama na zo yi ba. Ran da aka sallami Mama zan bar ta cikin mota a ƙofar gida, in shiga da safa kawai. In na zame ko da ɗan kaɗan ne, motar nan ba za ta tsaya ba sai Kordoba. Akwai ɗaki a gidana, ƙasansa siminti ne."

"Ni kuma fa?"

"Gadon na mutum ɗaya ne, Baba."

Tsoro ya kama shi. Matar nan ta hana shi sakat tun yana da gashi a ka, ta yi masa faɗa a kan ɗigon shayi, a kan ɓurɓushin burodi, a kan yadda yake numfashi kusa da madubi. Amma gidan da babu faɗanta, bai san me zai yi a cikinsa ba.

Ya koma gida ya leƙa ta katanga wajen maƙwabciyarsu Doña Pocha, wadda ba abin da ba ta san maganinsa ba, daga tabon mai har ciwon zuciya. Ya tambaye ta yadda zai cire kakin daɓen.

"Khal, ruwan tsamin nan, da ruwan zafi," in ji ta. "Kaki ba ya jure masa."

Ya wuni a durƙushe yana dirza. Kakin saman ya fita kuwa, sai ga wani a ƙarƙashinsa, na zamanin da Graciela ke firamare, ya fi na saman sheƙi. Pocha ta ce gishiri da lemun tsami. Ya dirza, ya tarar da kakin shekarar da suka sayi firiji. Ta ce kananzir. Gidan ya cika da wari, aka hana mijin Pocha kunna taba har ƙarshen layi, daɓe kuwa sai ya ƙara santsi don iskanci. Ƙuda ya sauka a kai, Evaristo na gani ya zame ya bugi ƙafar kujera.

Da haushi ya ishe shi sai ya ce bari ya haɗa ƙarfi da ƙarfi, ya juye bilic na wankin fararen kaya cikin sauran khal ɗin. Wani hayaƙi ya taso masa, idanu suka yi ja, ya fito waje da rarrafe yana tari kamar zai amayo huhunsa. Pocha ta rufe hanci da gyale ta shiga ta buɗe tagogi, ta fito ta tsaya a kansa.

"Na ce maka khal, wata rana na ce maka bilic, amma yaushe na ce ka ɗaura musu aure? So kake a sallamo ta ta tarar da gawa? Tsohon banza kawai, sha ruwa."

Ana gobe sallama ya zauna a kicin ya saduda. Ya ce wa ransa, tunda tafiya za ta yi, to ta tafi da abin da zai tuna mata da gida. Abu ɗaya ya iya a kicin, shi ne dulse, wato madarar da ake dafawa da sukari har ta yi danƙo, don shi ake ba juyawa tun farkon aurensu. Ya zuba madara a babbar tukunya, ya zuba sukari da ɗan garin soda, ya jefa ƙwallayen gilas na wasan yara don su yi ta gangara a gindin tukunya kada ta kama. Ya rage wuta, ya yi ta juyawa da cokalin katako, madarar na kaɗewa tana yin kauri, har ta koma launin ƙasa mai duhu. Ya tsame ƙwallayen, ya bar tukunyar ta huce.

Kwalaben da zai zuba shi a ciki na kan teburin falo. Ya rungumi tukunya, ƙafafunsa da kansu suka hau tsumma ba tare da sun yi shawara da shi ba. Bai kai rabin falon ba ya ji shi a ƙasa, tukunya ta yi nata waje, dulse ya malale a kan katako.

Ya daɗe a kwance yana kallon silin. Da ya gaji ya dafa ƙasa ya miƙe, ya sa ƙafa cikin abin da ya zube. Ƙafar ta tsaya cak. Ya gwada jan ta, ta ƙi. Ya ɗaga ta, ta ce caɓ, ya ajiye ta gaba, ta sake tsayawa. A karo na farko tun yana ango, Don Evaristo ya yi taku a cikin falonsa.

Kafin rana ta yi sanyi ya kwashe madarar kantin unguwa kaf, ya aro tukwanen Pocha, ya ɗauko buroshin fenti. Ta leƙo ta taga ta same shi yana shafa wa hanyar banɗaki shafi na biyu.

"Evaristo, kanka ɗaya kuwa?"

"Sa ƙafa ki gani."

Ta sa, silifas ɗinta ya tsaya a nan, ita ta koma da ƙafa ɗaya tsirara. Sannan ta ce ya zuba garin kofi a bakin ƙofa saboda kiyashi.

Kiyashin ba su ji labarin garin kofi ba. Da safe sun yi layi tun daga gidan mai burodi, karnukan unguwa kuma sun zauna a ƙofar gida suna lasar baki. Haka motar Graciela ta same su. Ta fito ta cire takalma, ta wuce ubanta ba ko gaisuwar kirki, ta taka falo. Taku na farko safa ɗaya ta zauna, taku na biyu ɗayar ta bi ta.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kin zame?"

"Baba, dulse ne a ƙasa. Har jikin ƙafar gado."

"Tambayarki nake, 'yar nan. Kin zame ko ba ki zame ba?"

Ta dafe kai. "Wallahi na zo da niyyar in ji tausayinka. Amma mutumin da zai shafe gida da kayan zaƙi, shi zan bar wa mai karaya? Ba ma sai ta fito daga mota ba. Ba ni magungunanta da kayan sawarta."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai suka ji ƙarar ƙarfe a bakin ƙofa. Doña Nelida ce, ta gaji da zaman mota, ta fito da sandar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da aka ba ta a asibiti. Ta rame, rigar ta yi mata yawa. Ta tsaya tana kallon daɓenta, na shekara arba'in, ya koma kamar cikin tukunya. Evaristo ya sunkuyar da kai yana jiran ƙarshen duniya.

Ta ɗaga sanda ta dasa a ciki, ta bi ta da ƙafa, takalmi da komai. Caɓ, caɓ, a hankali, har tsakiyar falo. Nan sandar ta kafe, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

"Tsoho, ɗebo min in ji."

Ya lakato da yatsa daga inda kiyashi ba su kai ba, ya miƙa mata. Ta ɗanɗana, ta juya shi a baki.

"Ka cika wuta a ƙarshe. Kullum sai na gaya maka."

"Mama, mu tafi," in ji Graciela. "Kin dai gani da idonki."

"Na gani. 'Yan kwanaki na bar mutumin nan, ga abin da ya yi min. In na tafi Kordoba, rufin gidan zai shafe da zuma. Ba inda za ni. In kin isa, zo ki ɗaga ni."

Graciela ta yunƙura, amma tafin ƙafarta ya riga ya kama. Ta ja, ta ja, ta kusa faɗawa kan tebur, ta tsaya tana haki tsakanin kuka da dariya. Uwar ta dube ta, muryarta ta yi laushi kaɗan.

"Kaki na bar shi, na yi miki alkawari. In an wanke wannan, ubanki ya shimfiɗa darduma ko buhu, duk abin da kike so. Je ki wanke ƙafa ki ɗora ruwan shayin mate."

Da ƙyar Graciela ta ɓamɓare kanta ta nufi kicin. Evaristo ya jawo kujera, ya zaunar da matarsa a inda ta kafe, ya kawo bokitin ruwan ɗumi da tsumma kamar yadda ta umarta. Ta nuna masa lungun bayan ƙofa da yatsa, ta ce daga can ake farawa, ba daga tsakiya ba kamar mahaukaci.

"Zai ɗau lokaci fa, tsohuwa," in ji shi. "Shafi biyu na yi."

"To ina za ni?"

Ya juya mata baya don kada ta ga idonsa. Ya durƙusa a lungun ya matse tsumma, ya fara goge katako ɗaya a hankali, tana daga kujera tana gaya masa ba haka ake yi ba. Ya bar gefe guda da gangan bai goge ba, don ta sa shi ya sake.